Wada da Iyayensa: Nasiha ga Masu Shirin Aure

Ya ku samari da 'yan mata, ku da kuke zaune yau a inuwar iyaye, gobe kuwa in Allah Ya kai mu ku ne iyayen wasu, ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda ba a cika kawo ta majalisa ba sai in ana neman abin dariya, alhali kuwa akwai ilmi mai zurfi a cikinta, akwai kuma haƙƙin bayin Allah da ake dannewa saboda jahiltarta, watau mas'alar wada, da abin da ke sa a haife shi haka, da hanyar da abin yake bi a cikin zuriya. Na nufe ku da wannan magana, ban nufi dattawa ba, domin ku ne nan da 'yan shekaru za ku tsaya a ƙofar ɗakin mai jego, wani yana miji, wata tana ƙanwar miji ko yayar mai haihuwa, kuma abin da mutum ya riga ya sani kafin wannan rana shi ne zai riƙe masa harshe a cikinta.

Ku fara sanin cewa gajarta ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda ya gaje ta kaka da kakanni, lafiyarsa lau. Akwai wanda yunwa ta tsumburar da shi tun yana goye. Akwai kuma wanda jikinsa ya gaza samar da sinadarin da ke sa girma, sai ya tashi ƙarami amma gaɓoɓinsa daidai da juna. Wanda nake nufi dabam yake da waɗannan duka, shi ne wanda likitoci suke kira akondurofalasiya, kuma shi ya fi yawa a cikin nau'o'in gajartar da ke fitowa daga ƙashi. Alamunsa ba sa ɓuya ga mai lura: gangar jiki tsawonta kusan na kowa, hannuwa da ƙafafu gajeru, musamman damtse da cinya, kai da ɗan girma, goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, in kuwa ya shimfiɗa tafinsa za ka ga tazara tsakanin yatsan tsakiya da mai bi masa. Namiji in ya gama girma yakan tsaya wajen santimita 131, mace wajen 124. Ana samunsa a kowace al'umma, baƙar fata da farar fata, a ƙiyasi jariri ɗaya cikin kamar 25,000. Hankalinsa kuwa hankalin kowa ne, zai haddace Alƙur'ani, zai yi lissafi, zai riƙe kasuwa ko ofis, domin abin ƙashi ya taɓa, bai kusanci basira ba.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikinsu Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye bayanin halittar mutum gaba ɗaya, a naɗe cikin waɗansu zarurruka guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikin waɗannan zarurruka aka jera ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace da aikin da aka ɗora mata, kuma galibinsu mutum yana da su biyu-biyu, ta wajen uwa da ta wajen uba. A kan zare na huɗu akwai wata wadda masana suka yi wa laƙabi da FGFR3, aikinta kuwa shi ne tsare girman ƙashi kada ya wuce kima. Dogayen ƙasusuwan yaro daga bakinsu suke ƙaruwa, inda akwai wani guringuntsi mai taushi wanda yake yaɗuwa sannu a hankali, sa'an nan ya daskare ya zama ƙashi, haka haka har balaga ta cika ya rufe. To wannan ƙwaya ita ce linzamin guringuntsin nan. A jikin yawancin mutane ana ja ana saki, doki yana tafiya yadda ya kamata, amma a jikin wada an ja linzamin ba a sake ba, sai tafiyar ta zama taku kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ƙasusuwan da ke tsirowa daga guringuntsi, irin na hannu da ƙafa da gindin ƙoƙon kai, su ne suke gajarcewa, saman ƙoƙon kai kuwa, da yake hanyar ginuwarsa dabam ce, yana girma abinsa.

A shekarar 1994 ne ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗaya a birnin Faris na Faransa, kowace ta tabbatar da cewa wannan ƙwaya ce sanadi, suka kuma tarar da wani abu da ya ba su mamaki ƙwarai. Bayanin halittar nan da haruffa iri huɗu kacal aka rubuta shi, yawansu kuwa a kason da mutum yake samu daga mahaifi ɗaya ya kai miliyan dubu uku, amma abin da ya raba wada da ɗan'uwansa dogo harafi ɗaya ne tak, na 1138 a cikin ƙwayar, kuma kusan duk masu wannan halitta da aka gwada, ko na wace ƙasa ne, ko da ba su haɗa dangi ba ta kowace fuska, a wannan gurbi ɗaya sauyin ya auku. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya rataya tsawon mutum a kan harafi guda.

Ga inda nasihata ta fi nauyi. Cikin kowane wadanni goma masu wannan halitta, kimanin takwas iyayensu tsawonsu irin na kowa ne, babu wada a dangin uwa, babu a dangin uba, ko da an bi salsala har inda tsofaffi suka manta. Sauyin sabo ne, a kan wannan ɗa ya fara. To ku dubi abin da ke faruwa a gidan da ba a san haka ba. An haihu, 'yan barka sun cika ɗaki, ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, sai wata tsohuwa ta buɗe zanen, ta kama ɗan damtsen ta gwada shi da yatsunta, ta shafa goshin, ta mayar da zanen ta rufe, ta ce Allah Ya raya, ba ta ƙara ko kalma ba. Amma kafin ranar suna magana ta gama unguwa. Dangin miji su ce mu dai ba mu da wannan a gidanmu, a bincika can. Wata ta ce ai mai jegon ta yi wa wada dariya sa'ad da take da ciki, wata ta ce yawon almuru ne ta yi ta gamu da iska, wata ta ce hannun kishiya ne, wanda kuwa ya fi kowa ƙarancin tsoron Allah ya soma ƙidayar watanni yana tambayar ko ɗan na maigidan ne. Duk wannan kaya a kan yarinya ɗaya ake jibga shi, wadda ko wankan jego ba ta gama ba.

Abin da bincike ya nuna kuwa ya isa ya sa dangin miji su sassauta murya. Tun a 1912 wani likita Bajamushe, Wilhelm Weinberg, ya lura cewa a gidajen da iyaye ba wadanni ba ne, abin ya fi faɗa wa 'yan auta bisa ga 'ya'yan fari. A 1955 Lionel Penrose na Ingila ya warware lissafin, ya nuna shekarun uba ne suke da tasiri, ba na uwa ba, ba kuma yawan haihuwar da ta yi ba. Da aka sami ikon duba ƙwayar gadon kanta, sai wani bincike da aka buga a 1998 ya bi iyalai 40 irin waɗannan, ya tarar a cikinsu duka, ba togiya, sabon sauyin yana kan zaren da ya fito daga uba. Sababin haka kuwa a fili yake ga wanda ya yi nazari: ita mace ana haihuwarta da ƙwayayenta a shirye, ba ta ƙara yin sababbi, shi kuwa namiji tun daga balaga har tsufa ƙwayoyin da ke samar masa da maniyyi suna ta rabuwa, kamar sau 23 a shekara, kowace rabuwa kuma sai an sake kwafe bayanin nan tun daga farko har ƙarshe, kuma yawan kwafi shi ke kawo tuntuɓen harafi. Har ila yau masana sun ga alamar cewa ƙwayar da ta sami wannan sauyi takan fi 'yan'uwanta yaɗuwa a jikin namijin, sai rabonta ya riƙa ƙaruwa da shekaru, musamman bayan an haye 35.

Amma kada ku karɓi wannan bayani ku ɗauke zargi daga kan uwa ku ɗora wa uba, domin in kun yi haka zaluncin nan ne dai kuka sauya masa mazauni. Ba abin da uban ya ci ko ya sha ya jawo shi, ba alhakin wani ne ya kama shi ba, ba shi da ikon hanawa, kuma ko ga mai shekara sittin abu ne mai wuyar aukuwa. Dubban dattawa suna haihuwa kullum ba su gamu da shi ba. Iyayen da suka haifi wada ta wannan hanya, yiwuwar su sake haifar wani ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka wanda ya saki matarsa don tsoron na gaba ya yi asarar iyali a kan abin da ba shi da tushe.

Shari'a ta riga kimiyya rufe ƙofar tuhumar nan ta cewa ɗan ba na maigidan ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuciyarsa cike da shakka saboda matarsa ta haifi ɗan da launinsa ya saɓa wa nasa. Ba a tsawata masa ba, sai aka mai da shi ga garken raƙumansa, aka tambaye shi ko a cikinsu akan sami mai launin da ya fita dabam, da ya amsa akan samu, ya kuma kawo dalili da bakinsa cewa mai yiwuwa gadon wani kaka ne, sai aka nuna masa ɗansa ma haka zai iya zama, ba a kuwa yi masa izinin kore shi ba. Daga nan malamai suka ciro hukuncin cewa saɓanin kama ba hujja ba ce ta yanke nasaba. Abin da ilmin wannan zamani ya ƙara shi ne wani lokaci ko kakan ma ba a bukata, sauyin yana iya farawa daga ɗan da ke hannu. Wanda kuwa ya jefi mace kamila da alfasha ba tare da shaidu ba, kun san abin da Suratun Nur ta tanadar wa mai ƙazafi.

Sa'ad da wadan ya girma ya yi aure, a nan ne zancen gado yake somawa, kuma a nan ne nake ganin masu ɗan karatu ma suna ruɗewa, domin suna auna shi da ma'aunin sikila, wanda suka saba da shi ta wajen gwajin jini kafin ɗaurin aure. Sikila sai ƙwaya biyu sun haɗu take bayyana, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, mai ɗauke da guda kuwa, watau mai AS, yana yawonsa lafiya ba wanda ya sani, shi ya sa take ɓuya a cikin dangi shekara da shekaru. A halittar wada kuwa ƙwaya ɗaya ta wadatar, ita ke rinjayar 'yar'uwarta. Wada yana da biyu, ɗaya mai sauyi ɗaya marar sauyi, kuma kowane ɗa guda yake ba shi daga cikinsu; in ya auri mai tsawon kowa, kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗan ya biyo shi ko ya biyo ɗaya mahaifin, kuma mace da namiji daidai suke a cikin wannan, wajen bayarwa da wajen karɓa. Ku lura na ce kowane ciki, domin na biyu bai san abin da na fari ya fito da shi ba. Ana iya haifar huɗu a jere duk dogaye, ana iya haifar huɗu duk wadanni, lissafin bai karye ba.

Daga wannan ƙa'ida wani hukunci yake fitowa wanda nake so 'yan mata da iyayensu su ji da kyau. Abin da ƙwaya ɗaya ta isa ta bayyana shi ba ya iya ɓuya, ba ya tsallake ɗa ya kama jika. Ɗan wada wanda ya fito dogo bai ɗauko komai ba, 'ya'yansa kamar 'ya'yan kowa ne. Haka yayan wada da ƙanwarsa. Saboda haka mutumin da ya janye neman aure don ya ji akwai wada a gidan, ko tsohuwar da ta hana jikanta da cewa kada a kawo mana iri, sun yi hukunci ba da ilmi ba. Auren zumunci ma ba shi ke kawo wannan nau'i ba, ko da yake akwai waɗansu nau'o'in gajarta da ba a cika gani ba waɗanda hanyarsu irin ta sikila ce, su kam kusancin jini yana ƙara musu ƙofa, shi ya sa ya kyautu likita ya tantance wane iri ne tun yaro yana ƙarami.

Wuri ɗaya ne lissafin yake da ɗaci, shi ne in miji da mata duka suna da wannan halitta, abin da yakan faru, tun da mutum ya fi samun natsuwa wurin wanda ba zai kalle shi da mamaki ba. A nan kowane ciki kashi huɗu ne: kashi ɗaya ɗan ya fito da tsawon kowa, kashi biyu ya fito kamar iyayensa, kashi ɗaya kuwa ya haɗa mai sauyi ta uwa da mai sauyi ta uba, wannan kuma ƙirjinsa yakan zo a matse ƙwarai har huhu ya rasa wurin buɗewa, galibi ba ya daɗewa bayan haihuwa, in ma an haife shi da rai. Ban faɗi wannan don in haramta abin da Allah Ya halatta ba, ba ni da wannan iko, kuma kashi uku cikin huɗu rayayyun 'ya'ya ne. Na faɗa ne don su biyun su shiga da saninsu, su zauna da likita tun kafin a sa rana, kada a bar yarinya ta binne jariri tana zaton wani ne ya yi mata asiri.

In kuwa wada ya zo neman 'yar'uwarku, ku tambayi abin da ake tambaya ga kowa, addininsa da halinsa da sana'arsa, sa'an nan a gaya wa yarinya lissafin rabi da rabi a bar mata zaɓi. Waɗanda suka karanta Risala a cikinku sun san aibobin da malamanmu na Malikiyya suka ambata ana mayar da aure saboda su, hauka da kuturta da albaras da cutar da ke hana saduwa, gajarta ba ta cikinsu. Mutanen dā ma, waɗanda ba su san kuromosom ba, wasunsu sun fi mu adalci a nan. A gidan kayan tarihi na Alƙahira akwai wani sassaƙen dutse da aka tono a Giza, ya haura shekara 4,000, na wani wada mai suna Seneb, babban ma'aikaci a fadar Fir'aunan zamaninsa, mai kula da tufafin sarki, mai dukiyar shanu. An sassaƙa shi zaune ya tanƙwashe gajerun ƙafafunsa a kan dakali, matarsa mai cikakken tsawo tana gefensa ta dafa shi da hannu biyu, a gurbin da ƙafafunsa za su sauka kuwa mai sassaƙar ya tsayar da 'ya'yansu biyu, namiji da mace. Bai ɓoye halittar mutumin ba, bai kuma mai da ita abin wasa ba. Mu da aka saukar mana da aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi, bai kamata a ce yaranmu ne suke bin bawan Allah a kasuwa suna tafi ba, manya kuma suna murmushi.

Saura abin da ya wajaba a kan wanda Allah Ya ba wa irin wannan jariri, domin sanin sababi ba ya amfani in bai kai ga kulawa ba. Ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai, inda laka take fitowa ta gangara gadon baya, takan zo a ƙuntace, ga kai da nauyi, ga wuya ba ƙarfi, saboda haka shekaru biyun farko su ne masu hatsari. Goyon da muka saba, a ɗaure jariri da zane kansa yana lilo uwa tana daka ko tana surfe, bai dace da shi ba, sai an tallafe kai da wuya a kowane ɗauka. Haka al'adar nan ta zaunar da yaro tun yana 'yan watanni a kewaye shi da tsummoki don ya koyi zama da wuri, shi kam a ƙyale shi har ya zauna don kansa, in ba haka ba bayansa yana iya yin doro. Zai yi jinkirin zama da tafiya bisa ga tsararrakinsa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da za a gaggauta kai shi asibiti dominsa shi ne in yana minshari mai ƙarfi numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, ko kansa yana girma da sauri maɗiga ta kumbura, ko gaɓoɓinsa sun saki. Ciwon kunne kuma yana yawan damunsu, in aka yi sakaci ya taɓa ji sai magana ta yi nauyi, jahili ya ce yaron ba shi da wayo. In ya girma a kiyaye masa ƙiba, gama gajerun ƙafafu da matsattsen gadon baya ba sa son kaya. Macen da take da wannan halitta kuwa, in ta sami ciki, ta soma awo da wuri, ta kuma san cewa ƙugunta ba zai ba da hanya ba, haihuwarta ta tiyata ce, kada a tsaya gwada naƙuda a gida.

Game da magani, ku yi hattara da masu tallar garin ƙara tsawo da rubutun miƙar da ƙashi, kuɗinku kawai za su ci. Allurar sinadarin girma, wadda take amfanar wani nau'in gajarta, a nan amfaninta kaɗan ne. Akwai tiyatar da ake karya ƙashi a riƙa jansa a hankali har ya ƙara tsawo, amma wahalarta mai yawa ce, tana cin watanni. A 2021 hukumomin magunguna na Turai da na Amurka suka amince da wata allura mai suna bosoritaid, wadda ake yi wa yaro kullum muddin guringuntsin bai rufe ba, tana ɗan sassauta linzamin nan, a gwajin da aka yi kuma ta ƙara wa yara kimanin santimita ɗaya da rabi a shekara bisa ga waɗanda ba a yi wa ba. Tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane ko a can, kuma su kansu wadannin sun rabu a kanta, wasu suna murna, wasu suna cewa su ba tsawo suka rasa ba, abin da suke nema shi ne a saukar musu da famfo da matakala da teburin makaranta inda hannunsu zai kai. Ko an yi allurar ko ba a yi ba, ba ta taɓa harafin nan na 1138, yaron da ya ƙara tsawo da ita in ya yi aure lissafin 'ya'yansa yana nan rabi da rabi.